Ruwan da Kiyashi Suka Bi

Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci, Anas ya buɗe shagonsa da ke jikin gidansu a Yelwa ya tarar da hayaƙi. Kwamfutar da ya bari tana haɗa kaset ɗin wani biki ta mutu. Tiyo ɗaya ya fashe, wani baƙin ruwa ya malale cikinta ya zubo ƙasa, ɗakin sai warin ƙonanniyar roba. Ihu ɗaya ya yi unguwa ta cika.

A shekarun nan wayar salula ma ba ta gama shiga hannun mutane ba, balle kwamfuta mai shan ruwa. Anas ya koyo aikin a Kaduna, ya dawo ya ga zafin Yauri yana kashe kwamfuta kamar yadda yake kashe kajin gidan gona, sai ya haɗa wa tasa hanyar sanyaya ciki da ruwa: ɗan famfo, ƙaramin lagireto, tankin ƙarfe mai murfi, da baƙin tiyo. Tiyon da walda duk aikin Bilyaminu ne, makanikin injin kwale-kwale. Su biyun nono ɗaya suka sha. Uwar Bilyaminu ta nutse a gulbi yana jinjiri, Inna Ladidi, uwar Anas, ta ɗauke shi ta haɗa da nata.

Mutane daga Ngaski da Shanga, in sun zo cin kasuwa, sai sun leƙo sun ga injin da ke shan ruwa. Anas kuwa ba ya gajiya da wa'azi a kai. Ba ruwan gulbi, ba na rijiya, ba na leda. Sai tataccen ruwa irin na asibiti, wanda aka dafa ya zama tururi, aka tare tururin ya koma ruwa, babu gishiri, babu laka, babu wani abu mai rai a cikinsa. Daga wani kemis a Kontagora yake sayo shi cikin fararen jarkoki.

A kan ruwan nan suka yi faɗa a teburin mai shayi ana jibi abin zai faru. Bilyaminu ya ce cikin wasa, "Injin da nika gyara, ruwan gulbi yaka sha tun safe har magariba, bai taɓa cewa cikinai na ciwo ba. Taka ce 'yar sarki?"

Anas ya ce, "Kwamfuta ba injin kwale-kwale ba ce. Kai dai tsaya ga baƙin mai, nan iliminka ya ƙare."

Aka yi dariya. Bilyaminu ya ajiye kofin shayinsa bai shanye ba, ya tashi. Duk wanda ya yi dariyar nan ranar Laraba, shi ne ranar Juma'a ya fara kiran sunan Bilyaminu. Haka mutanenmu suke. Su tura mutum cikin fushi, sannan su kafa shaida da fushin.

Mai unguwa ya hana a je ga 'yan sanda, ya ce a kira Ɗangana.

Ɗangana tsohon maharbi ne daga Shanga, ya yi suna wajen bin sawun shanun sata. Ubansa da ya koya masa aikin ya kafa masa doka guda: kada ya ambaci sunan mutum sai ya ga inda sawu ya taso da inda ya tsaya. Ya riƙe dokar nan har furfura ta cinye masa gemu.

Damina ce, ƙasa na da laushi. Jama'a sun tattake bakin ƙofa, amma ta jikin bango, inda inuwa take, akwai sawun da ba a taɓa ba. Ɗangana ya duƙa. Takalmin taya ne, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Wajen shiga, ƙafar dama ta nutse sosai, ga kuma shaidar gindin jarka inda aka dire ta don a buɗe ƙofa. Wajen fita babu nauyi, babu jarka.

Kowa a Yelwa ya san wanda farfelar inji ta sare wa ƙafar hagu. Kowa ya san wa ke da makulli na biyu.

"Baba Ɗangana, mi ka gani?"

"Faɗi mana, Baba! Kai ƙasa taka yi wa magana!"

Ya ɗaga kai ya ga idanu sun yi masa caa, manya da yara, ana jiran abin mamaki daga bakinsa. Daɗin wannan kallon ya fi giya bugarwa. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Mutum ɗaya ya shiga da safen nan da jarka cike da ruwa, ya fito hannu wofi. Bilyaminu ne."

Samari suka ruga bakin gulbi suka jawo shi da rigar aiki. Bai yi gardama ba.

"Ni na shiga," in ji shi. "Direban Kontagora na aika ya sayo mani irin ruwan da yaka so. Na ga faɗan ya isa haka nan. Na aje ƙarƙashin tebur, na ce in ya gani zai gane."

Anas ya nuna fararen jarkokin da ke jere ƙarƙashin tebur. "Waɗanga dut nawa ne. Ƙarya kaka yi."

Babu wanda ya duƙa ya duba jarkokin. Har Ɗangana, wanda duƙawa ita ce sana'arsa.

Sai ga Inna Ladidi ta fito daga cikin gida, mayafi a kafaɗa. Ta tsaya gaban Bilyaminu ta dube shi tun daga ƙafa har kai.

"Na raba maka nonon ɗana. In ya sha dama, kai ka sha hagu. Yau kai ne ka kashe mai sana'a don an yi maka dariya?" Ta dafa ƙirji. "Nonon da ka sha ban yafe ba. Ban yafe ba, duniya da lahira."

Samarin da suka riƙe shi suka sake shi. Bilyaminu ya buɗe baki ya ce, "Inna," bai ƙara komai ba. Ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye a ƙasa kusa da ƙafarta, ya juya yana jan ƙafarsa.

Aka yi ta yi wa Ɗangana sannu da aiki. Shi kuwa tun kafin ya isa gida abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Lokacin farin ruwa ne. Gulbi ya cika da laka, fari fat kamar kunun kanwa. Ruwan da ya gani a ƙasan shagon baƙi ne.

Washegari da hantsi ya tare Anas a zaure.

"Ɗana, in anka zuba wa injin nan ruwan gulbi, mi zai faru?"

Anas bai yi barcin kirki ba, idanunsa sun yi ja. "Laka za ta kwanta cikin hanyoyin, Baba. Akwai wani ɗan faranti na jan ƙarfe bisa zuciyar injin, hanyoyin ruwan cikinai sirara ne awa zare. Gansakuka za ta tsiro, tsatsa ta biyo."

"Cikin yini guda?"

Anas ya girgiza kai. "A'a. Sai an ɗau watanni."

"To baƙin fa?"

"Baƙin mai Bilyaminu ya haɗa da shi. Ba shi ne aikinai ba?"

Ɗangana ya san warin baƙin mai, jiya kuma bai ji shi ba.

Ya nufi wajen Maikuɗi mai hoto, don tun jiya ake raɗe-raɗin cewa shi ya sa Bilyaminu. Tun da Anas ya fara haɗa kaset, masu biki suka rage zuwa wurin Maikuɗi. Ɗangana ya same shi kwance a benci, ƙafa ɗaure da tsumma ta kumbura kamar turmi.

"A'a, mai hira da ƙasa! Ta ce maka ni ne?"

"Ban tambaye ta ba tukuna. Mi ya sami ƙafa?"

"Ƙayar kifi, tun kasuwar Wara da ta wuce. Ko masallaci a baya anka goya ni." Ya yi dariya, zafi ya katse ta. "Ba na ɓoye maka, Baba, da na ji ta ƙone, sai da na ƙara tuwo. Amma ni tsoron abin nan nika ji. An ce wuta na cikinta, ruwa na cikinta. In taɓa in mutu, a ce mai hoto ya mutu bai bar hoto nai ba?"

"Bilyaminu fa? Kuna magana?"

"Wannan? Na taɓa zagin Anas gabanai, saura kaɗan shi jefa ni gulbi da kyamara." Ya gyara ƙafar. "Kai ka faɗi sunanai, Baba. Ni dai da ba daga bakinka ya fito ba, da ban yarda ba."

Maganar ta shiga Ɗangana ta zauna. Ya yi sallama, ya ɓata sauran yinin yana bin direbobin Kontagora a tasha. Direban da Bilyaminu ya ce ya aika ya yi lodin Sakkwato, sai an kwana biyu.

Ranar Lahadi da sassafe ya sa Anas ya buɗe masa shagon. Ba a share ba tun ranar. Ruwan ya bushe ya bar tabo mai ƙyalli. Ɗangana ya durƙusa, sai ya ga tabon yana motsi.

Kiyashi ne, cincirindo, sun yi wa tabon zobe.

Ya daɗe yana kallonsu. Kiyashi ba sa taruwa kan ruwan gulbi, ba sa kusantar baƙin mai. Ya dangwali tabon da yatsa, ya ji yana kama fata. Ya kai baki. Ɗaci, sannan danƙo, sannan zaƙi can ƙarshen harshe. Ya san ɗanɗanon nan tun yana yaro, duk lokacin da zazzaɓi ya kama shi. Zuge ne da ƙaro, tawadar allo. Zaƙin kuwa zuma ce.

Ya bi layin kiyashin da ido. Bai nufi ƙofar titi ba. Ya bi ta gindin tebur, ya hau wani ɗigo da ya bushe a gefen tanki, ya sauko ya bi bango zuwa ƙaramar ƙofar da ke shiga cikin gida, wadda ba a taɓa sa mata makulli ba. A dokin ƙofar akwai wani ɗigon. Ɗangana ya yi sallama ya shiga tsakar gida a sunkuye, yana bin ƙwarin nan kamar yadda yake bin garken shanu. Layin ya tsaya a bayan randa, ƙarƙashin wani ɗan ƙoƙo da aka kife.

Ya ga inda sawu ya taso, ya ga inda ya tsaya. Da ya yi haka ranar Juma'a, da ba a kai ga abin da aka kai ba.

Ya koma shago ya jawo jarkokin ɗaya bayan ɗaya. Ta can ƙurya ba a fasa hatiminta ba, a marikinta kuma ga shatin yatsu na baƙin mai. Anas ya gani. Ya zauna daɓas a ƙasa.

"Kar ka ce komi tukuna," in ji Ɗangana. "Ni na yi saurin baki, kar ka bi ni."

Ɗangana ya zagaya wajen Malam Dudu, mai makarantar allo a bayan gidan, wanda bai so magana ba da fari.

"Abin da mutum ya kawo mani a asirce, amana ne."

"Allah shi gafarta Malam, akwai wanda ke ɗauke da bakin uwa bisa laifin da ba nashi ba."

Malam ya ajiye carbi. "Ladidi ce ta zo, ta ce idon mutane ya yi yawa bisa shagon ɗanta. Na rubuta, na wanke, na ce a yayyafa bakin ƙofa. Iyakar abin da na ce ke nan."

Ɗangana ya fito ya tsaya a inuwar bango. Ya yi tunanin ya ja Ladidi gefe ya gaya mata ita kaɗai. Amma a gaban jama'a aka ɓata Bilyaminu, a gaban jama'a ya kamata a wanke shi. Ya je wajen mai unguwa ya ce a tara mutane bayan azahar, a aika a kira Bilyaminu. Ya ga ai ba gaggawa, tunda gaskiya ta riga ta zo hannu. Nan ma ya yi kuskure. Daga wajen Malam zuwa rumfar Bilyaminu tafiya ce da ba ta kai a sha kofin shayi ba.

Zauren ya cika har waje. Maikuɗi ya zo a goye. Malam Dudu ya zauna kan buzu, Anas ya raɓe a kusurwa kai a ƙasa. Inna Ladidi ta zauna bakin ƙofar cikin gida. An shimfiɗa wa Bilyaminu tabarma, ba kowa a kanta. Ɗan aike ya ce rumfarsa a rufe take.

Ɗangana ya ajiye ƙoƙon a tsakiya.

"Ladidi, wanga naki ne?"

"Nawa ne. Mi ya kawo shi nan?"

"Mi kika zuba ciki?"

"Rubutu. Malam ya ba ni, ga shi nan zaune." Ta faɗa da ƙarfinta, babu ko ɗar. "Kowa ya zo garin nan sai ya zuba wa abin yaron nan ido. Wani ya ce kai, wani ya ce tabɗi, ba mai cewa tubarkalla. In zauna in kalla?"

"Kin yayyafa bakin ƙofa?"

"Na yayyafa. Amma na ce abin da ke sha, ai sha ya kamata shi yi. Kullum in Anas ya tafi asuba sai in buɗe murfin in ba ta, tun farkon mako. Har zuma nika sa mata kaɗan, awa yadda nika sa masu suna yara, don ɗacin." Ta nuna tabarmar da ba kowa. "Ina tsare ta daga idon baƙi, ashe macucin na cikin gida."

Malam Dudu ya sunkuyar da kai. Ladidi ta dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ta ga kowa na kau da ido.

"Mi ne ne? Anas, mi ne ne?"

Anas ya yi magana daga kusurwa. "Inna, ƙaro danƙo ne. In ya ji zafi sai shi kama. Shi da zumar sunka toshe hanyoyin, famfo ya yi ta turawa ruwa bai wuce ba, har tiyo ya fashe."

"Ayar Allah ce ciki."

"Ayar Allah ba ta ɓata komi ba, Ladidi," in ji Malam Dudu a hankali. "Ƙaro dai ƙaro ne."

Ladidi ta juya ga ɗanta.

"Ran da kunka haɗa ta, na tsaya bakin ƙofar can na tambaye ka mi taka sha. Mi ka ce mani?"

Anas bai ɗago ba.

"Ka ce, Inna ba za ki gane ba."

Gaskiya ta faɗa. Ya yi wa masunta bayani, ya yi wa direbobi, ya yi wa baƙin kasuwa da ba zai sake gani ba. Matar da take kwana bango ɗaya da injin, wadda take share ƙarƙashinsa kullum, ita ce bai ga ta cancanci magana biyu ba.

Ɗangana ya miƙe. Ya ɗauko jarkar mai hatimi ya ɗaga ta kowa ya ga shatin yatsun.

"Abin da Bilyaminu ya faɗi ranar Juma'a gaskiya ne. Sawun nashi ne, amma sulhu ya kawo. Ni na kira sunanai ban bi sawu zuwa ƙarshe ba. Duk wanda ya ji waccan daga bakina, shi kai wagga inda ya kai waccan."

Ladidi ba ta saurare shi ba. Hannunta na kan ƙirjinta, daidai inda ta dafa ranar Juma'a. Ta tashi, mayafinta ya zame ba ta kula ba.

"Ɗangana. Kai ka nuna mani shi. Yanzu ka bi mani sawunai."

Suka fita, shi a gaba, ita a baya, Anas da sauran jama'a na biye. A ƙofar rumfar Bilyaminu sawun ya fito sarai, ƙafar hagu na jan ƙasa. Wannan karon ƙafafun biyu duk sun nutse, mutum ne ɗauke da akwatin kayan aikinsa a ka. Sawun ya bi ta bayan masu bandar kifi. A mararrabar da ke zuwa gidan Ladidi ya tsaya, ƙafafu a haɗe, ƙasar ta dannu kamar an daɗe a tsaye. Ɗangana ya gani, Ladidi ta ga ya gani.

"Mi ne ne nan?"

"Ya tsaya yana kallon gidanku."

"Ya daɗe?"

Ya so ya yi mata ƙarya, amma bakinsa ya riga ya yi ɓarnar da ta isa. "Ya daɗe."

Daga nan sawun ya gangara kai tsaye zuwa tashar jiragen ruwa. A laka ta ƙarshe, shatin takalmin taya yana nan sabo, ruwa bai gama tsattsafowa cikinsa ba. Gaba da shi sai gulbi, fari, faɗinsa ya cika ido.

Wani mai fito ya nuna kudu da haɓa. Can nesa jirgi ne ya zama ɗigo, ya nufi babban tafkin da gulbin ke zuba a ciki.

"Ina za shi?"

"Bai faɗi ba. Jirgin zai tsaya Wara, shi ƙetara Malale. Daga can ko'ina mota na zuwa."

"A bi shi!" in ji Anas. "Ko nawa ne, a bi shi!"

Mai fiton ya girgiza kai. "Shi ya gyara injin wancan da hannunai makon jiya. Ba jirgin da ke kama shi a tashar nan."

Ladidi ta wuce su ta shiga ruwa da zaninta har gwiwa. Ta kafa hannu biyu a baki.

"Bilyaminu! Na yafe! Ɗana, na yafe! Halal ka sha!"

Ta yi ta kira har muryarta ta dushe. Wanda ke zaune kusa da injin jirgi ba ya jin na kusa da shi ma, balle na bakin gaɓa.

Ta juyo, ruwa na ɗiga daga zaninta. "Ɗangana, ci gaba mana. An ce ba sawun da ke ɓace maka."

Ya dubi shatin takalmin da ke gaban ƙafarsa. Igiyar ruwan wani kwale-kwale ta zo ta shafe rabinsa, ta biyu ta shafe sauran.

"Iyakata ke nan, Ladidi."

An aika Wara, an aika Malale, an ba direbobi da masunta saƙo har Jebba. Wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ba shi ba ne. Anas ya sake haɗa wata kwamfutar bayan shekara, mai fanka, ba ruwa. Ɗangana ya ci gaba da bin sawun shanu, amma ba a sake jin sunan mutum daga bakinsa a gaban taro ba.

Jarkar nan kuwa Ladidi ta ɗauke ta kai ɗakinta, ta ajiye a gindin gado. Ba ta yarda an fasa hatimin ba, ba ta yarda an goge marikin ba. Duk ranar da jiragen Wara ke dawowa takan tafi tasha ta tsaya, ba ta duban fuskokin masu saukowa. Ƙafafunsu take duba.